Shawarwari ga Mai Son Nazarin Siyasar Ƙasa da Ƙasa da Fasaha

A tattaunawar da wasu malaman jami'a suka yi da ɗaliban digirin digirgir, an fi daɗewa kan shawarar cewa ɗalibi ya fara ƙwarewa a ilimin siyasa tukuna, domin fasaha tana sauyawa kullum, amma tambayar wane ne ke da iko ba ta tsufa. An kawo misalin Joseph Nye na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda ya kammala digirin digirgir a 1964 da bincike kan haɗin kan ƙasashen Gabashin Afirka, ya yi fice a 1990 da ra'ayinsa na ƙarfin jan hankali ba tare da tilastawa ba, sannan sai daga baya ya juya ga tsaron intanet. Ya kuma yi aiki a ma'aikatar tsaron Amurka zamanin Shugaba Clinton, kuma a ganina wannan gogewa ce ta sa rubutunsa bai tsaya kan hasashe kawai ba.

Wata malama ta ja kunnen ɗalibai da kada su yi rubutu kan abin da ba su san yadda yake aiki ba. Wanda zai yi magana kan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku ya zauna da injiniyoyi da littafinsa a hannu. An kuma ce batun bincike yana nan a gida: dakatar da Twitter da gwamnatin Najeriya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya isa a rubuta kundi a kansa.