Ga takardar shaida a hannu, amma kowa ƙwarewa yake tambaya

Ƙanenku daga Nima:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kammala difloma, na yi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya a wani ofishi inda aikina bai wuce buga takardu ba, sannan na tara kuɗi na zauna jarrabawa biyu na CompTIA A+, wato takardar shaidar gyara da kula da kwamfuta, kuma Allah ya ba ni nasara. Yau wata takwas ke nan ina aika takardun neman aiki, amma kusan duk sanarwar da na gani ƙwarewar shekara biyu take nema. Ina tunanin cin bashi in biya kuɗin CCNA, takardar shaidar kamfanin Cisco kan hanyoyin sadarwar kwamfuta, ko ƙarin takarda zai sa a kula ni. Me kuka gani?

Yayanku daga Madina:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ban goyi bayan bashin nan ba. Kuɗin jarrabawar CCNA ya kai dala 300, ka kuwa san abin da hakan yake nufi idan aka juya shi zuwa sidi, kuma takardar shekara uku take yi kafin a nemi ka sabunta ta, kamar dai A+ ɗin da ke hannunka. Idan ka same ta yau ka sake zaman shekara guda a gida, kashi ɗaya cikin uku na rayuwarta ya tafi, ga mai bashi yana sallama a ƙofa. Karatun kam ka fara shi tun yanzu, domin manhajar Packet Tracer kyauta ce ga wanda ya yi rajista da Cisco Networking Academy, kuma a cikinta za ka haɗa na'urorin sadarwa irin su rauta da suwic ka ga yadda saƙo yake bi. Jarrabawar ta jira sai ka fara karɓar albashi.

Hajiya daga Asawase, Kumasi:
Ɗana, ni ina cikin masu zama a tantance masu neman aiki a wurinmu, saboda haka bari in gaya maka abin da yake faruwa a ɗakin. Takardar shaida tana sa mu kira mutum, amma da ya zauna ba ma sake duba ta. Nakan ce masa: ma'aikaciya ta kira ka ta ce firinta ta ƙi aiki, ga mutane a layi, me za ka fara yi? Wanda ya haddace littafi sai ya kama jero sunayen abubuwa. Wanda ya taɓa aikin kuwa tambaya yake fara yi, ko ita kaɗai abin ya shafa ko duk ofishin, ko jiya ta yi aiki, ko an ɗauke wuta da safe. Da jin haka na san hannunsa ya taɓa ƙura.

Wannan ƙwarewar ba sai kamfani ya ba ka ita ba. A zangonninmu akwai makarantun Islamiyya da aka ba su kyautar kwamfutoci, rabinsu suna jibge a kusurwa saboda babu mai duba su, abin da yake ci mini rai duk lokacin da na gani. Ka je wurin shugaban makaranta ɗaya ka ɗauki nauyin ɗakin. Ka sayi littafi, ka riƙa rubuta kowace matsala da ranarta da abin da ka gwada da abin da ya warware ta. Bayan wata uku, maimakon ka rubuta cewa ka iya gyara, sai ka rubuta kwamfuta nawa ka tayar da yara nawa suke amfani da su, tare da sunan wanda zai shaide ka. Sai dai ka kiyaye, kada ka ɗauki hoton bayanan ɗalibai don nuna aikinka. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 tana nan, amana kuma ta riga doka.

Malam daga Sabon Zango:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ina da gyara ɗaya. Aikin kyauta a sa masa iyaka tun ranar farko, a kuma yi yarjejeniya cewa za a ba shi wasiƙar shaida mai hatimi, domin na ga yaran da suka shekara biyu suna yi wa mutane hidima ba su fita da ko takarda ba. Kuma kada ya raina Tip Toe Lane, layin masu sayarwa da gyaran waya da kwamfuta da ke Sakul. Wata shida a gaban maigida mai gyaran laftof zai nuna masa lalacewar da babu ita a littafin A+, ya kuma koyi yi wa mai kaya bayani cikin haƙuri.

Ɗan'uwanku daga Mamobi:
Ni ina ganin CCNA tana da ranarta, musamman ga mai son aikin hanyoyin sadarwa, amma na yarda ba da bashi ba. Abin da aka fi tambaya a matakin farko shi ne kula da asusun ma'aikata. Ka sa VirtualBox a laftof ɗinka, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfutar gwaji a cikin taka, ka sauke Windows Server na gwaji wanda yake aiki kwana 180, ka kafa Active Directory, wato tsarin kula da asusun ma'aikata, ka buɗe asusu, ka sauya kalmar sirri, ka ɓata tsarin da gangan ka gyara. Idan kana son aji da malami, ka leƙa cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da ke Rij ka tambayi kwasa-kwasansu. Sanarwar da ta ce shekara biyu kuma, ka nema duk da haka. Ni ma da irinta na shiga.

Ƙanenku daga Nima:
Allah ya saka da alheri, na fasa bashin. Akwai makaranta a bayan gidanmu, gobe zan ga shugabanta. Sai dai ram ɗin laftof ɗina, wato ma'adanarsa ta lokacin aiki, gig huɗu ne kawai, zai ɗauki wannan gwajin?

Yayanku daga Madina:
Zai wahala ƙwarai, ka nemi takwas aƙalla. Ina da guda da na cire daga tsohuwar na'urata. Ka turo mini samfurin taka in duba ko za su dace, idan sun dace ka zo Madina ranar Asabar bayan La'asar mu sa shi tare.