Zaɓe ya gabato gari ya fara ɗaukar zafi, ta ina zan fara shirya kamfanina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Ina riƙe da kamfanin rarraba kaya, muna da babban sito guda ɗaya da motoci da ma'aikata wajen arba'in, ga zaɓe ya matso, tun yanzu an fara zanga-zanga nan da can har ana raɗe-raɗin za a sa dokar hana fita. Abin da ke hana ni barci shi ne komai namu wuri ɗaya yake, kaya da kwamfutoci da takardu, kuma ni kaɗai ke sa hannu a fitar da kuɗi. Wani kamfanin da muke hulɗa da shi ya ce sai mun nuna masa rubutaccen shirin yadda aiki zai ci gaba idan rikici ya ɓarke kafin ya sabunta mana kwantiragi. Ta ina ake farawa? Sannan inshorar gobara da sata da muke biya, za su biya mu in aka fasa sito lokacin tarzoma?

Ma'aikaciyar inshora: Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce mai ciwo. Yau ɗin nan ka ɗauko takardar ka karanta wurin da suka jera abubuwan da ba za su biya ba, yawanci yajin aiki da tarzoma da hargitsin jama'a suna nan a ciki sai in ka sayi ƙarinsu daban, kuma ko ka sayi ƙarin, juyin mulki da tawaye da yaƙi galibi wata inshora ce ta daban. A Afirka ta Kudu watan Yulin 2021 bayan an ɗaure tsohon shugaban ƙasa Jacob Zuma an wawushe shaguna da manyan sito a lardunan KwaZulu-Natal da Gauteng, mutum sama da 300 suka mutu, kuma wanda ya ɗauki nauyin biyan irin wannan asara shi ne Sasria, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1979 saboda masu inshora sun ƙi taɓa ɓarnar siyasa bayan boren ɗalibai na Soweto a 1976. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su da wannan inshorar, haka suka tashi babu komai. Ka kuma tambaya ko suna biyan asarar ciniki idan dokar hana fita ce ta rufe ku alhali ba a taɓa ginin ba, sau da yawa amsar a'a ce. Kar ka jira a fara ƙona tayoyi, a lokacin ko dai kuɗin ya yi sama ko su ce ba sa karɓa.

Tsohon manaja: Hajiya ta yi gaskiya amma ni Alhaji abin da ya fi ɗaga min hankali a maganarka shi ne kai kaɗai ke sa hannu. In aka rufe hanya kana wani gari ko wayarka ba ta shiga, wa zai biya albashi, wa zai ce a kulle sito a sallami mutane? Ka je banki ka ƙara mutum biyu amintattu da iyakar abin da za su iya fitarwa, ka rubuta wanda ke bin wane wajen yanke hukunci. Daga nan ka zaunar da shugabannin sassa ka tambayi kowa, aikinka in ya tsaya kwana nawa zai yi kafin ya ji mana ciwo, za ka ga wani aikin ko wata guda ya tsaya ba komai, wani kuwa kamar gadin sito da albashi da sanar da kwastomomi ko yini ɗaya ba ya jira, toh waɗannan ake fara nema wa mafita.

Sai kuma matakai, tun yanzu da hankali ke kwance ku yarda cewa in kaza ya faru motoci ba sa fita bayan azahar, in kaza ya faru kowa ya zauna gida. Direba ya san yana da ikon juyowa in ya hango taro ba sai ya nemi izinin kowa ba kuma ba za a zaftare masa ko sisi ba, maigadi ya san in jama'a suka yi yawa ya bar wurin kawai, wallahi babu kayan da suka kai ran mutum. Shi kamfanin da ya nemi takardar wataƙila ISO 22301 yake da shi a rai, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa na shirin ci gaba da aiki lokacin matsala, wanda ya fito a 2012 aka sabunta a 2019, ba lallai sai ka karɓi satifiket ba, ka tambaye su me suke son gani.

Mai harkar kwamfuta: Yallaɓai kar ka gina shirin naka a kan WhatsApp kaɗai. Masar ta kashe intanet kusan kwana biyar a farkon 2011, yankunan masu Turanci na Kamaru sun yi wajen wata uku babu shi a 2017, Sudan sama da wata guda a 2019, a Bangladesh ma Yulin 2024 masana'antun ɗinki sun rasa yadda za su yi magana da masu sayen kayansu na waje. Layuka biyu na kamfanoni daban suna taimakawa in matsalar sabis ce amma in umarnin gwamnati ne duka ake rufewa. Ku ajiye bayananku a intanet, ku kuma kwafa a wata na'ura da ke wani gini, ku buga lambobin ma'aikata da jerin kayan sito da masu bashi a takarda. Wayar tauraron ɗan adam kuma a bincika doka tukuna, a Indiya misali ana kama mutum in ba shi da izini.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Amma maganar raba kaya fa, kama sito na biyu kuɗi ne mai yawa kuma ƙila a yi zaɓen lafiya lau.

Mai jigilar kaya: Allah ya sa a yi lafiya ɗan uwa, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ba sai ka kama sito na shekara ba, ka nemi wanda zai ba ka gefe na wata uku a unguwar da ba ta kusa da ofisoshin gwamnati ko inda ake taruwa, ko ka tura wa manyan kwastomominka kayansu da wuri. Kuma ka duba hanyar da kayan ke shigo maka, rikicin zaɓen Kenya na ƙarshen 2007 ya toshe hanyar tashar jiragen ruwa ta Mombasa har mai ya yi ƙaranci a Uganda, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma motoci sun daɗe jibge a iyakar Benin. Ka sami mai kawo maka kaya na biyu ta wata hanya, ka fara saya a hannunsa ko kaɗan ne don ya san ka.

Tsohon manaja: Wasu kan tara tsabar kuɗi a ofis saboda irin wannan lokaci, ni ban goyi bayan haka ba, in labari ya fita ku za a fara nufa. Gara a biya albashi da wuri kafin ranar zaɓe. Ka kuma ba lauyanka kwantiragin ya duba wurin da ke maganar abin da ya fi ƙarfin mutum, ko an ambaci tarzoma da dokar hana fita, da kwana nawa aka ba ka ka sanar da su a rubuce, don in ka wuce wa'adin za su iya cewa ka saɓa alkawari.

Mai tambaya: Gobe in sha Allah zan fara da banki da takardar inshora. Malam manaja in mun gama rubutawa ya za mu san shirin zai yi aiki?

Tsohon manaja: Ka zaɓi wata safiya ka kashe wayarka ba tare da ka faɗa wa kowa ba sai mataimakinka, a ce masu an sa dokar hana fita kuma babu intanet, ka ga ko za su iya samun kowane ma'aikaci da kowane direba cikin awa biyu da takardar lambobin nan kawai. Duk inda aka maƙale ku gyara, ku sake gwadawa kafin a shiga makon zaɓe.