Hoton CT na jijiyoyin zuciya: shawarwari daga zaman likitoci a Katsina

A zaman da likitoci da masu ɗaukar hoto suka yi a Katsina, kusan kowa ya yarda cewa kyan hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka da X-ray, yana ga shirya maras lafiya. Bugun zuciya ake so ya sauko kusa da 60 a minti, don haka ake ba da metoprolol, amma a yi hattara da mai asma. Kafin ranar a hana shi kofi da shayi saboda suna ƙara bugun zuciya, a kuma ambaci goro da sunansa, don dattijo zai rantse bai sha komai ba, alhali yana da tsagin goro a kunci.

Batun nitroglycerin ya fi jan lokaci. Ana sa shi ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe, sai dai idan mutum ya sha maganin ƙarfin maza irin sildenafil, jininsa na iya faɗuwa warwas. A tambaye shi a keɓe, cikin mutunci. A ganina wannan ce shawara mafi muhimmanci, domin ba wanda zai amsa gaskiya gaban ɗansa.

A duba lafiyar ƙoda kafin allurar ruwan aidin da ke sa jijiyoyi su fito a hoto, a koya masa riƙe numfashi tun kafin ya hau gado.

Wajen karanta hoto, an ja kunne kan daskararren kalsiyam da ke taruwa a bangon jijiya: yana sa toshewa ta bayyana fiye da yadda take. A kalli jijiya ta fuskoki da dama kafin a ce ƙuncin ya kai kashi 50 cikin 100, sannan a rubuta rahoto bisa tsarin CAD-RADS, wato ma'aunin da ake bayyana tsananin toshewar jijiyoyin zuciya da shi.