Likita ya ce a cire ɗaya, ga biki bayan Sallah

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Da kunya nake wannan rubutu. Wata 8 ke nan ƙwan marainana na hagu ya kumbura ya yi tauri, ba zafi sosai. Na sha cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, har zagaye uku. Kowane gwajin fitsari sai a ga mugunya, amma a rasa ƙwayar cutar. Likita ya duba hoton marainan ya ce yana tsoron ciwon daji ne, gara a cire. Bikina bayan babbar Sallah ne. In yarda, ko in nemi wani likitan?

Mai Trotro: Sanyi ne, abokina. Ka nemi allura uku, shi ke nan.

Kawu Yeji: Wannan kalmar "sanyi" ita ta kashe mini aure. Shekara 2 wani asibitin kuɗi yana ɗura mini magani, ina ganin jini a ƙarshen fitsari, wani lokaci har a maniyyi. Uwar 'ya'yana ta ce neman mata nake, ta kwashe kaya ta koma gidansu. Na sayar da babur. Sai wani yaron likita ya tambaye ni ko na taɓa wanka a tafkin Volta. Ni da na tashi a bakin ruwan! Ashe tsargiya ce. Maganinta praziquantel, shan yini ɗaya. Ciwo ya tafi, mata ba ta dawo ba.

Baban Ummi: Allah ya ba da haƙuri, Kawu. Nawa hoton asibitin yanzu? Ni sidi 150 na biya.

Mai Trotro: 150 a wace shekara? 400 aka caji ƙanena watan jiya.

Anti Nas: Kawu, naka daban. Ɗan Aboabo bai ce ya ga jini ba. Ɗana, mugunya ba ƙwayar cuta, kumburi mai tauri da ya ƙi jin magani: ka roƙi a duba maka tarin fuka. Yana sauka ƙoda da maraina ko mutum bai taɓa tari ba, kuma cipro kan lafar da shi ya ɓuya. Fitsarin asuba ake kaiwa kwana 3 a jere. In shi ne, maganin wata 6 ne, kyauta. Amma kada ka yi wasa da zancen daji, ka je sashen mafitsara na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi cikin makon nan. Ko an cire ɗaya, ɗayan ya isa haihuwa.

Alhaji Asawase: Hajiya, da girmanki, amma nas ba likita ba ce. Kuma wannan zancen maza ne.

Anti Nas: Alhaji, shekara 20 ina wanke wa mazan rauni.

Mai Trotro: Ango, kada dai amarya ta zo da lissafi, ta ce biyu aka biya wa sadaki.

Ɗan Aboabo: Anti, gwajin asuban a ko'ina ake yi?

Kawu Yeji: Ku bar nas, ku yi maganar masu tallar magani cikin mota. Daga tashar Kejetia ta Kumasi har garin Techiman mutum na tsaye da kwalba ɗaya, wai tana maganin basir, sanyi, ƙarfin maza da hawan jini. Kwalba 6 na sha.

Baban Ummi: Na rediyo sun fi su. Da asuba ma ba su barin mutum ya ji karatu.

Mai Trotro: Ku bar na mota don Allah, su ke biya mini kuɗin tasha.