Girgizar jikin mata a wasannin bidiyo: kwaikwayon gaskiya ne ko neman kasuwa?

Daga zauren WhatsApp na masu koyon zanen 3D da haɗa wasanni a Gusau

Nasiru: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni a ganina girgizar da ake sa wa ƙirjin mata a wasanni ba iskanci ba ne, kimiyya ce. Nama mai laushi dole ya motsa in ana gudu. Masu bincike a Jami'ar Portsmouth ta Ingila sun auna, motsin yakan kai santimita 15 a guje in ba abin da ya tallafe shi. Wanda ya zana mace sandararriya kamar icce shi ne ya yi ƙarya.

Malama Hauwa'u: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗauko awon ka bar sharaɗinsa a baya: in ba tallafi. Masu binciken nan da kansu aikinsu ke nan, taimaka wa masu ɗinka rigar nono ta 'yan wasa su rage motsin. To jarumar da ke cikin sulken ƙarfe fa, me ke girgiza ƙarfen?

Injiniya Bello: Bari mu buɗe injin mu gani. A yawancin wasanni ba nama ake kwaikwayo ba. Ƙashi ɗaya ko biyu ake ƙarawa kowane ɓangare a jikin kwarangwal ɗin da ke motsa zanen, a manhajar zanen 3D irin Blender misali, a maƙala shi da ƙashin ƙirji, a shafa masa fentin nauyi don fatar wurin ta bi shi. Sannan a manhajar haɗa wasa irin Unity ko Unreal Engine a ɗaura masa sifirin na lissafi. Abu uku ke mulkinsa: taurin sifirin, birkin motsi, da iyakar da ba zai wuce ba. Birkin nan shi ne shokozoba. Babur mai lafiyayyar shokozoba in ya faɗa rami sau ɗaya zai dunƙusa ya daidaita. Wanda tasa ta tsiyaye mai sai ya yi ta rawa har kwana ta gaba. A lissafi, birki na 1 babu lilo ko kaɗan. A 0.7 yakan zarce da kusan kashi 5 cikin ɗari ya tsaya. A 0.1 kuwa kowane zagaye rabi kawai yake ragewa, sai ya yi wajen zagaye biyar kafin ido ya daina gani. Wannan lamba mutum ne ke rubuta ta da hannunsa, Nasiru.

Nasiru: Awo, Injiniya, amma kuskuren saiti ai ba niyya ba ne.

Injiniya Bello: Kuskure yana da kamanninsa. Wasa na tafiya firem 60 a daƙiƙa, wayar ta yi zafi ta faɗo 30, tazarar lissafi ta ninka daga kusan milisakan 17 zuwa 33, sai sifirin mai tauri ya haukace, fatar ta yi tsalle ta huda riga. Ko a ɗauke jaruma daga wuri a dire ta wani wuri ba a sake saita sifirin ba, ya ɗauka gudun walƙiya ta yi. Maganinsu sananne ne: tsayayyar tazara irin daƙiƙa 0.02 da Unity ke zuwa da ita, da share motsi bayan kowane ɗauki. Amma lilo mai santsi, daidai da daidai, mace na tsaye tana magana kawai? Wannan an zauna an gyara shi.

Malama Hauwa'u: Tarihi ma bai ɓoye ba. Mai Shiranui ta Fatal Fury 2 a 1992 zane ce firem bayan firem, babu wani lissafin sifirin, da hannu aka zana girgizar. Dead or Alive na kamfanin Tecmo a 1996 da ita ya yi suna. Ga gwajina mai sauƙi: duba namijin da ke cikin wasan. In ƙaton mai tumbi ya diro daga katanga cikinsa bai motsa ba, damtsensa kamar siminti, ita kuwa numfashi kaɗai na kaɗa ta, to ba gaskiya ake nema ba.

Sadiya: Malama, ni ban yarda a kashe shi gaba ɗaya ba. Jiki marar motsi na biyu, wato ɗan kaɗawar da ke bin bayan babban motsi, yana kama da gunkin shagon tela. A raba shi ko'ina, kaɗan-kaɗan: cinya, ciki, kumatu, jaka, kuben takobi, maza da mata. Birki 0.6 zuwa 0.8, a ɗaure iyaka, kuma in an sauya tufa zuwa sulke a kashe ƙashin.

Nasiru: To Stellar Blade na 2024 fa? Jikin Eve, jarumar wasan, daga hoton 3D na mace ta gaske aka ɗauko shi.

Sadiya: Hoton yana ba ka siffa, ba ya ba ka motsi. Tufa, kusurwar kyamara da lambar birki duk bayan hoton aka zaɓe su. Abby ta The Last of Us Part II ma daga jikin 'yar wasan motsa jiki ta gaske aka ɗauko ta, ka ga inda aka kai ta daban.

Injiniya Bello: Mu da za mu zana matan Zamfara, wahalarmu ma ba nan take ba, tana ga hijabi. Dogon hijabi a waya ba ya ɗaukar cikakken lissafin yadi, sai sarƙar ƙashi: layi 8 kewaye da jiki, kowanne gaɓa 4, ƙashi 32 ke nan. A kafe na saman kai da haɓa, a sa shingen karo mai siffar kwalba a kafaɗu da hannuwa. Kowane ɗigon fata kada ya bi ƙashi fiye da 4, ƙananan Tecno da itel ma gara 2. In ta ɗaga hannu da sauri, hannun kan fito ta tsakanin layi biyu, don shingen ƙashi yake turewa, ba yadin da ke tsakani ba.

Nasiru: Ban sauka daga maganata duka ba, Malama. Amma Injiniya, hannun nan da ke hudowa, ƙara layi za a yi ko faɗaɗa shingen?

Injiniya Bello: Faɗaɗa shingen tukuna, shi ba ya cin batir. In ya wuce kima hijabin zai kumbura kamar lema, nan ne za ka ƙara layi ɗaya a kowace kafaɗa.