Wa ya taɓa zuwa Eguisheim, ƙauyen masu inabi a Faransa?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Strasbourg, ajinmu zai fita yawon buɗe ido zuwa Eguisheim, kusa da Colmar. An ce da giyar inabi garin yake ci yake sha, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini yadda ya same shi, musamman batun abinci da salla.

Maman Tagwaye: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je, wurin ya cancanci gani. Mun je da maigida da yara a watan Yuni. Mutanen garin ba su kai dubu biyu ba, kuma an gina shi a zagaye, lungu na nannaɗe da lungu kamar saƙar faifai, har ka ɓulla dandalin tsakiya inda gunkin Paparoma Leo na 9 yake, wanda suke cewa a nan aka haife shi a 1002. Gidajen na katako ne da fenti kala-kala, kowace taga da furanni. A 2013 Faransawa suka zaɓe shi ƙauyen da suka fi so, don haka ranar Asabar cike yake da baƙi.

Abinci ne wurin lura. Tarte flambée ɗin da kowa ke saye, wato siririn biredi mai albasa a sama, a ƙarƙashin albasar akwai yankakken naman alade. Baeckeoffe kuwa, wato dahuwar nama da dankali, a giya ake jiƙa namansa ya kwana. Mu a Colmar muka yi guzuri a shagon Turkawa, a ƙauyen biredi da cuku kawai muka saya.

Malamin Kimiyya: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni taro ne ya kai ni yankin, aka kwashe mu zuwa gidan wani manomi. Tun a mota na gaya wa mai masaukinmu ba na sha, ba kuma zan zauna a teburin ɗanɗano ba. Babu wanda ya ɓata rai. Da suka gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa wurin gangunan giya, sai tsohon gidan ya ja ni gona. Wallahi wannan hirar ta fi min komai a tafiyar. Ya nuna min yadda ake ɗaure kowane reshe a waya, ya ce da hannu suke datse rassan inabin a tsakiyar hunturu, itace bayan itace, yatsu na ƙanƙarewa. Ya nuna duwatsun Vosges a yamma, ya ce su ke tare hadari, shi ya sa Colmar ke cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa. Da na tambaye shi abin da ya fi tsoro, ya ce ƙanƙara, a minti kaɗan ta lalata aikin shekara. Fuskarsa ta manomi ce da ya san ciwon asara.

Bamaradiya: Yaya Malam, ni ban samu sauƙi irin naka ba. A wani gidan abinci na tambayi ko akwai giya a miyar kaza, mai hidimar ya ce ai wuta ta cinye ta, ya juya ya bar ni. Raina ya ɓaci, na tashi. Kuma ɗan'uwa, idan watan Satumba ya zo za ka ji ɗalibai na tafiya aikin tsinkar inabi. Kuɗin na da amfani, amma ka san inda inabin zai ƙare. Ni na tambayi malami, na haƙura. Kada ka tafi don ka ga wasu sun tafi.

Ɗan Damagaram: Na gode Yaya. Salla fa?

Bamaradiya: Ban ga masallaci a ƙauyen ba, a Colmar akwai. Ni da alwalata na fito, na hau hanyar da ta nufi tsofaffin hasumiyoyi uku na kan tudu, na shimfiɗa darduma a gefen gona. Wani mai keke ya wuce, kai kawai ya gyaɗa min.

Baban Sadiya: Ku ba wanda ya ambaci shamuwa! Ɗaga kai za ka ga manyan sheƙoƙinsu a kan rufi, tsuntsayen farare ne masu jan baki. Da yawansu a da Afirka ta Yamma suke cin rani. A 1974 ma'auratan shamuwa da suka rage a Alsace, yankin da ƙauyen yake, ba su kai goma ba, kuma farin da ya ci Sahel a shekarun nan yana cikin dalilai. Mahaifina a wannan farin ya rasa shanunsa, don haka na daɗe a tsaye ina kallon tsuntsayen.

Malamin Kimiyya: Ɗan Damagaram, idan da motar makaranta za ku, shi ke nan. Idan da kanka ne, jirgin ƙasa daga Strasbourg zuwa Colmar kamar rabin awa ne, daga nan kilomita bakwai. Ka duba lokacin bas tun kafin ka fito, ranar Lahadi tana wuya, gara ka hayi keke a Colmar. Ka kuma sanar da malamar ajinku tun yanzu, domin a tanadar maka ruwan inabi marar giya, gidaje da yawa suna sayar da shi.