Kuɗin da Faransa ta riƙa biyan Sarki Edward na 4: me za mu kira su da Hausa?

1/ Jama'a, masu fassara da malaman tarihi, ku matso. Littattafan tarihin Ingila suna cewa Sarkin Faransa Louis na 11 ya riƙa biyan Sarki Edward na 4 "pension" tun daga 1475. Wanda ya yi gaggawa zai rubuta fansho. Mai karatu kuma zai ɗauka Edward tsohon ma'aikaci ne da ya ajiye aiki, alhali sarki ne mai shekara 33 da ya tsallaka teku da runduna.

2/ Ga yadda abin ya faru. A Yulin 1475 Edward ya sauka Calais da niyyar yaƙar Faransa, yana dogaro da mijin ƙanwarsa, Charles mai mulkin Burgundi. Sai Charles ya iso kusan hannu rabbana, domin ya ɓata wajen shekara guda yana kewaye da garin Neuss a ƙasar Jamus, dakarunsa sun jigata. Louis kuwa mutum ne da ya fi son kashe kuɗi a kan zubar da jini. Ya aika da tayi, Edward ya karɓa.

3/ Ranar 29 ga Agusta suka haɗu a kan gadar Picquigny, bisa kogin Somme kusa da Amiens, an gitta shingen katako a tsakaninsu don kada wani ya ci amanar wani. Aka tsagaita wuta na shekara 7. Louis zai ba da tsabar zinariya 75,000 nan take, sannan 50,000 duk shekara. Yarima mai jiran gadon Faransa zai auri Elizabeth 'yar Edward. Waɗannan 50,000 na shekara-shekara su muke nema wa suna.

4/ Wahalar ita ce su kansu masu yarjejeniyar ba su yi wa kuɗin kallo ɗaya ba. A Ingila ana ɗaukarsu a matsayin abin da na ƙasa ke kai wa na sama, tunda Edward bai daina kiran kansa Sarkin Faransa ba. A fadar Louis kuwa kallon ɗan amshi ake yi masa, wanda aka sallama ya koma gida. Duk kalmar da ta tsaya a gefe ɗaya ta yanke hukuncin da ya kamata a bar wa mai karatu.

5/ Haraji bai yi ba, talaka ke biyan hukuma. Jizya tana da hukuncinta a shari'a, kada mu jawo ta nan. Diyya sai an yi ɓarna. Fansa tana da wurinta a wannan yarjejeniyar, amma wani wuri dabam: 50,000 da Louis ya biya aka sako Margaret ta Anjou, matar marigayi Henry na 6, sarkin Ingila da Edward ya hamɓarar.

6/ Wani malami ya kawo gandu, wato abin da sarki ke kai wa sarkin da ya fi ƙarfinsa, kuma na daɗe ina juya ta. Tsohuwar kalma ce mai nauyi. Sai dai mai biyan gandu ya riga ya yi mubaya'a, Louis kuwa bai yi ba, ko taƙi ɗaya na ƙasarsa bai bayar ba. In mun ce gandu mun ari bakin fadawan Edward.

7/ Wasu sun ce toshiyar baki. Wannan ta dace, amma ga fadawan. Louis ya yanka wa manyan 'yan majalisar Edward nasu kason, Hastings yana karɓar 2,000 duk shekara. Philippe de Commynes, na hannun daman Louis da ya halarci haɗuwar Picquigny, ya ba da labarin cewa Hastings ya karɓi kuɗin amma ya ƙi sa hannu a takardar shaida, don kada a sami sunansa cikin kundin baitulmalin Faransa. Wanda ya ƙi rasit ya san abin da ya karɓa. Na sarkin kuwa a bainar jama'a aka ƙulla shi, da hatimi, har ƙaninsa Richard na Gloucester ya nuna bai ji daɗi ba.

8/ Ni dai na tsaya a kan GAISUWAR SULHU. Gaisuwa ta daɗe tana wannan aikin tsakanin sarakuna a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Abdullahi Burja ne ya fara aika wa Borno gaisuwa, a cikin ƙarni na 15 ɗin nan da Edward ya rayu. Kyawun kalmar shi ne mai karɓa yana iya cewa biyayya aka yi masa, mai bayarwa ya ce kyauta ya yi, kowa ya tsira da mutuncinsa. Sulhu kuma ta faɗi abin da kuɗin ke saya.

9/ Na san za a ce gaisuwa daga ƙasa take hawa sama. Haka ne, shi ya sa ban bar ta ita kaɗai ba. Ku gwada ta a jimla: "Gaisuwar sulhun Faransa ta rage wa Edward roƙon majalisa ta yanka wa mutane haraji." Ko kuma: "Da Louis ya shirya da Maximilian, mijin 'yar Charles na Burgundi, a Arras cikin Disambar 1482, ya yanke gaisuwar sulhu, ya fasa auren Elizabeth, Edward ya rasu a Afrilun 1483." Duka biyun sun zauna a baki.

10/ Mutanen Damagaram, kakanninku ma sun daɗe suna aika wa Borno irin wannan a da. Ku tambayo mana dattawan fada sunan da suke kiransa. In akwai kalma guda da ta ɗauke wannan nauyin, a kawo ta mu gwada ta a jimlolin nan biyu.